Ta ina ya kamata a fara koyar da ganin kwamfuta ga ɗaliban injiniya?

Sabon Malami:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina koyarwa a tsangayar injiniya ta wata jami'a a Arewa, kuma a zaman rabon darussa na bana sashenmu ya ɗora mini wani kwas na zaɓi ga ɗaliban aji biyar, wanda ya haɗa ganin kwamfuta, wato koya wa kwamfuta gane abin da ke cikin hoto, da koyon na'ura, wato sa na'ura ta koyi aiki daga misalai. Ba a taɓa koyar da shi a wurinmu ba, don haka babu tsohon takardun darasi da zan gada, babu kuma tsoffin tambayoyin jarrabawa da zan duba in gane inda aka saba tsayawa.

Ɗaliban da suka yi rajista sun kusa sittin, mafi yawansu daga sashen lantarki da na kwamfuta, sai 'yan kaɗan daga sashen kanikanci. Kusan rabinsu ne suke da kwamfutar hannu, ɗakin kwamfutocinmu ba shi da na'urar GPU mai hanzarta lissafin hotuna ko ɗaya, kuma wutar da muke samu a ɗakin ba abin da mutum zai shirya darasi a kanta ba ce. Idan aka cire makon rajista da makon bita, abin da zai rage mini bai wuce makonni goma sha uku ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne hanyoyi biyu da nake gani a gabana. Ta farko ita ce in bi yadda aka koya mini: a fara da yadda kyamara take mayar da haske ya zama lambobi, a bi ta tace hoto da gano gefen abubuwa da lissafin matiris, sannan a ƙarshe a leƙa ragar jijiyoyi, wato tsarin lissafi mai hawa-hawa da yake koyo daga misalai, idan lokaci ya rage. Ta biyu ita ce in buɗe musu PyTorch, manhajar gina ragar jijiyoyi, tun makon farko, su ɗauko samfuri, wato ragar da wasu suka riga suka horar, su ga yana rarrabe akuya da tunkiya a cikin mintoci, sannan in riƙa komawa baya ina bayanin abin da ke ƙarƙashi. Tsorona game da ta farko shi ne kada su gaji su watse kafin mu kai wurin da ake aiki da shi a yau. Tsorona game da ta biyu kuwa shi ne kada in yaye mutanen da suka iya kwafo layukan umarni daga intanet amma ba za su iya faɗin dalilin da ya sa abin ya yi aiki ko ya ƙi ba. Waɗanda suka riga ni a wannan fage, don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon Malamin Lantarki:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan nauyi da aka ɗora maka.

Ni ina cikin masu ganin a fara daga ƙasa, amma ba don son wahalar da yara ba. Dalilina shi ne ɗalibanka na lantarki sun riga sun san rabin kwas ɗin ba tare da sun san sun sani ba. A aji uku sun yi darasin sigina, sun sha fama da nannaɗe sigina biyu da juna da kuma lissafin Fourier. Hoto kuwa sigina ne mai tsawo da faɗi, ba wani abu ba. Ranar da ka zana musu jadawali mai gida shida a tsaye da shida a kwance a kan allo, rabin hagu sifili, wato baƙi, rabin dama 255, wato fari, sannan ka ɗora masa matatar Sobel, wato ƙaramin jadawalin gano gefe mai gida uku sau uku, wadda layinta na farko yake -1, 0, 1, na biyu -2, 0, 2, na uku -1, 0, 1, ka sa su zamar da ita da biro da takarda har su sami jadawali mai gida huɗu sau huɗu wanda lambobinsa suka tashi a daidai inda baƙi ya haɗu da fari, to a ranar ka gama koya musu zuciyar ragar jijiyoyin da ake gane hotuna da ita. Bambancin da ya rage guda ne: a hanyar Sobel mutum ne ya zaɓi lambobi taran nan, a ragar jijiyoyi kuwa na'ura ce take nemo su daga misalai. Wanda ya yi wannan lissafi da hannunsa sau ɗaya ba zai sake ɗaukar abin a matsayin siddabaru ba.

Haka nan ka sa su ƙirga da kansu dalilin da ya sa ake amfani da ƙananan matatu. Hoton da ke da ɗigo dubu a tsaye da dubu a kwance, mai launi uku, lambobi miliyan uku ne. Idan aka haɗa kowace lamba da jijiyoyi dubu, ana bukatar ma'aunai, wato lambobin da raga take koya, har biliyan uku a hawa na farko kaɗai. Amma matatu 64 masu gida uku sau uku a kan launuka ukun nan ma'aunai 1,728 kawai suke ci. Injiniya yana girmama irin wannan hujja fiye da kowane dogon bayani.

Tarihin ma yana da amfani, in dai ba a mayar da shi jerin shekarun da za a haddace ba. Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa a 1966 Seymour Papert na jami'ar MIT ya rubuta shirin aikin da zai sa 'yan ɗalibai su gina babban ɓangare na tsarin gani na kwamfuta a cikin hutun bazara guda. An shafe fiye da shekara arba'in ana fama da abin da aka ɗauka aikin hutu ne. Kafin nan, a 1959, David Hubel da Torsten Wiesel sun gano cewa akwai ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar kyanwa waɗanda ba sa motsi sai sun ga layi ya karkata ta wata fuska ta musamman. Abin mamaki, idan aka leƙa hawa na farko na ragar AlexNet, wadda Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka ci gasar gane hotuna ta ImageNet da ita a 2012, za a tarar da yawa daga cikin matatun da ta koya da kanta masu gano layi da gefe ne. A waccan gasa kuskurensu ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, wanda ya zo na biyu kuma yana da 26.2, kuma na'urorin GPU biyu na wasannin kwamfuta suka yi aikin da su. Ɗalibin da ya san Sobel zai kalli hoton matatun nan ya gane su kamar yadda mutum yake gane ɗan garinsu a baƙuwar kasuwa.

Shawarata ita ce ka ba tushe makonni biyar: hoto a matsayin lambobi, matatu, hanyar John Canny ta 1986 ta gano gefe, da kuma lissafin kyamara, wanda 'yan kanikanci za su fi kowa jin daɗinsa tunda sun saba da matiris ɗin juyawa. Duk wannan yana gudana a tsohuwar kwamfuta da manhajojin NumPy da OpenCV na lissafi da sarrafa hoto, ba ya bukatar intanet.

Injiniyar Masana'anta:

Ranka ya daɗe, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ban sami abin da zan kira kuskure a ciki ba. Sai dai ina neman izini in ce ni da kai da Malam mai tambaya duk muna iya ɓata lokaci a kan tambayar da ba ita ce babba ba. Ko an fara daga sama ko daga ƙasa, ɗalibin da ya zo wurinmu neman aiki ko horon masana'antu yana faɗuwa ne a wuri guda, kuma wurin ba lissafi ba ne, ba kuma rubuta umarni ba ne. Bai san yadda ake tattara hotuna ba, bai kuma san yadda ake gwada samfuri a kan gaskiya ba.

Ina aiki a wani kamfani da ke tsaftace riɗi da sauran hatsi kafin a fitar da su waje, inda muke da na'urar da take kallon ƙwayoyin hatsi suna zuba, ta hure masu baƙin launi da iska. Mun taɓa karɓar wasu ɗalibai biyu masu ƙwazo waɗanda suka zo da aikin kammala karatunsu na gano cutar ganyen tumatir, suna alfahari da cewa samfurinsu yana yin daidai fiye da sau 98 a cikin ɗari. Na tambaye su yadda suka ɗauki hotunan. Ashe masu lafiyar a gona suka ɗauka, a kan shuka, cikin rana, masu cutar kuwa tsinko su suka yi suka kawo ɗaki suka shimfiɗa a kan farar takarda. Na tsinko lafiyayyen ganye daga bayan ofishinmu na ɗora a kan takarda, samfurin ya ce yana da cuta. Abin da ya koya shi ne bambancin takarda da ƙasa, bai taɓa kallon ganyen ba. Yaran sun yi shiru kamar ruwa ya ci su, ni kuma ban ga laifinsu ba, domin babu wanda ya taɓa nuna musu cewa haka tana faruwa.

Wannan kuma ba matsalar ɗalibanmu kaɗai ba ce. A 2016 Sharada Mohanty da David Hughes da Marcel Salathé sun horar da ragar jijiyoyi da hotunan ganye fiye da dubu 54 na rumbun PlantVillage, suka sami daidaito na kashi 99.35 cikin ɗari. Da suka gwada ta da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi dabam, sai ta sauko zuwa kusan kashi 31, kuma su da kansu suka bayyana haka a cikin takardar. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni uku masu tantance ko fuska ta namiji ce ko ta mace, suka tarar kuskure a kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7, a kan maza masu hasken fata kuwa bai wuce 0.8 ba. Duk ɗalibin da zai gina abin da zai kalli fuskokin mutanen Kano ko Maraɗi ya kamata ya san wannan kafin ya ɗauko samfurin da aka horar a wata nahiya ya ce ya gama aiki.

Saboda haka, Malam, abin da zan roƙe ka shi ne ka raba su rukuni-rukuni tun makon farko, kowane rukuni ya zaɓi abin da zai iya ɗaukar hotonsa da wayarsa: rarrabe wake mai ƙwari da mai kyau, karanta lambar mitar wuta, ƙirga buhuna a bayan mota, gano ramuka a kan titin cikin makaranta. Su tattara hotunan da kansu, su yi musu laƙabi da kansu, su yi gardama a kan hoton da ɗaya ya ce wake ya lalace ɗaya ya ce bai lalace ba. Sannan ka hana su gwada samfurinsu da hotunan da suka ɗauka. Wani rukuni ne zai ɗauko musu hotunan gwaji, da wata waya, a wata rana, a wani wuri, ya miƙa maka ka ajiye har ranar ƙarshe.

Ka kuma koya musu tsoron lamba guda. Idan a cikin ganye ɗari guda biyar ne masu cuta, samfurin da yake cewa komai lafiya lau ne zai yi daidai sau 95, alhali bai da amfanin ko sisi. Dole su iya faɗin nawa daga cikin masu cutar aka kama, nawa daga cikin waɗanda aka kama suke da cutar da gaske, sannan wane kuskure ne ya fi tsada ga manomi. A wurinmu, idan na'ura ta hure ƙwaya mai kyau mun yi asarar kaya, idan kuma ta bar marar kyau ta wuce mai saye yana iya mayar mana da kwantena sukutum. Zaɓar inda za a tsaya tsakanin asarar biyu shi ne aikin injiniya, kuma ba ya cikin kowace manhaja da ake saukewa.

Batun rashin GPU kuwa bai kai yadda kake tsoro ba. Ba wanda yake horar da babbar raga daga farko a aji. Ana ɗauko ƙarama irin MobileNet, wadda Google ya fitar a 2017 domin wayoyi, a daskarar da hawayenta na ƙasa, a sake horar da na ƙarshe kaɗai da hotuna 'yan ɗaruruwa, kuma kwamfutar hannu ta talakawa tana iya wannan.

Ɗalibin Aji Biyar:

Malamai, ku yi haƙuri da shigowar yaro cikin maganar manya. Na yi irin wannan kwas a zangon da ya wuce a wata makaranta, kuma na ga ya dace a ji ta bakin wanda ya zauna a kan benci.

Abin da ya fi cin lokacinmu ba ya cikin abin da aka ambata. Makonni uku na farko sun tafi ne a ƙoƙarin girka harshen kwamfuta na Python da PyTorch, saboda fayilolin manya ne, datar ɗalibi kuma ba ta da yawa, ga shi kowa da irin kuskuren da kwamfutarsa take nunawa. Da Malaminmu ya zuba komai a filashi guda biyu ko uku, har da rumbunan hotunan horarwa na MNIST da CIFAR-10 da ma'aunan samfuran da za a yi amfani da su, aka riƙa miƙawa hannu zuwa hannu, da mun tsira da makonnin nan. Google Colab, inda ake aron kwamfutocin Google ta intanet, ya taimaka wa wasunmu, amma intanet yana yankewa a tsakiyar horarwa, wanda bai san ajiye aikinsa lokaci-lokaci ba sai ya koma farko.

Abu na biyu shi ne yawancinmu mun yi darasin rubuta manhaja ne a aji biyu, kuma a kan takarda muka rubuta jarrabawarsa. Ana tsammanin mun iya, mu kuma muna jin kunyar cewa ba mu iya ba. Na kwana biyu ina neman dalilin da ya sa fuskar abokina take fitowa shuɗiya, sai daga baya na gane OpenCV yana jera launuka ne daga shuɗi zuwa kore zuwa ja, manhajar da nake nuna hoton da ita kuma tana zaton ja ne a farko. Wani abokina ya so ƙara wa hoto haske, ya tara 100 a kan ɗigo mai 200, maimakon 300 sai ya sami 44, domin gidan da ake ajiye lambar ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a wurin malami, amma su ne suke sa ɗalibi ya yanke hukuncin cewa fannin ya fi ƙarfinsa.

Na uku kuma zan faɗa duk da cewa tona asirin kanmu ne: duk aikin gida da za a iya kwafa a liƙa wa ChatGPT, to shi ne zai yi shi.

Tsohon Malamin Lantarki:

Ɗana, ka kyauta da ka yi magana, kuma babu abin neman haƙuri a ciki. Maganar jarrabawar manhaja a kan takarda laifinmu ne mu malamai. Tsarin karatun jami'o'i na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da kanta, kuma a ganina wurin da ya kamata sassan injiniya su kashe wani ɓangare na wannan dama ke nan: lissafin matiris da ilimin yiwuwa a koyar da su a gaban kwamfuta tun aji biyu, domin kada malamin aji biyar ya zama shi ne mai yin harsashi da rufi a zango ɗaya.

Ga Injiniya kuma, na karɓi maganarki ta hotunan gwaji hannu biyu, kuma na yarda ban ba ta muhimmancin da ya kamata ba. Inda nake nan a kan bakana shi ne, yaran nan biyu da kika ba da labarinsu, da sun taɓa lissafa matata da hannu, da sun fi saurin zargin farar takardar, domin sun san raga ba ta ganin ganye, bambancin lambobi kawai take gani, kuma bambancin kore a kan fari mai ƙarfi ne ƙwarai. Akwai ma matsalolin da ba sa bukatar koyon na'ura ko kaɗan. Idan hasken ɗaki tsayayye ne, kyamara kuma ba ta motsi, sau da yawa sanya iyaka a kan launi da ƙirga dunƙulen ɗigo ya wadatar wajen ƙirga ƙwayoyi, kuma zai gudana a ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ba tare da hoton horarwa ko ɗaya ba. Wanda bai san tsohuwar hanya ba zai ɗauko gatari inda reza ta isa.

Sabon Malami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da kalandar zangon jiya da dare, ga abin da na fitar, wanda kuma zan kai wa shugaban sashe ranar Litinin.

Makon farko na girka manhaja ne daga filashi, da kuma nuna musu samfuri yana aiki sannan yana faɗuwa a gabansu. Zan yi gwajin ganye da farar takarda da kaina, idan Injiniya ta ba ni aron labarinta. A makon ne kuma za a kafa rukunai a fara ɗaukar hotuna. Makonni huɗu na gaba na tushe ne kamar yadda Malam babba ya tsara, sai dai na rage lissafin kyamara zuwa zama biyu, ɗaya daga ciki za mu buga allon dara mai baƙi da fari mu auna kyamarar waya da shi ta hanyar Zhengyou Zhang. Daga nan za mu shiga koyon na'ura da hotunan MNIST, tunda ɗigo 784 kawai kowane hoto yake da su, kuma ina so kowa ya rubuta ƙaramar raga da NumPy zalla kafin ya taɓa PyTorch. Kowane rukuni dole ne ya fara warware matsalarsa da tsohuwar hanya, ya rubuta sakamakon, sannan ya nuna ko ragar jijiyoyi ta fi ta a kan hotunan da wani rukuni ya ɗauko.

Game da maki, kashi 30 na aikin cikin zango zan ba da shi ne ta hanyar kare aiki da baki, inda zan nuna layi guda a cikin manhajar rukuni in tambayi wanda na ga dama abin da zai faru idan aka goge shi. Abin da har yanzu ban warware ba shi ne kashi 70 na jarrabawar ƙarshe, wadda dokar makaranta ta ce a kan takarda za a rubuta cikin sa'o'i biyu. Ina da tambayar matatar Sobel, da ta ƙirga ma'aunai, da ta ganye ɗari masu cuta biyar. Ina bukatar aƙalla guda biyu kuma waɗanda hadda ba za ta amsa su ba, don haka duk mai irin wannan tambaya a ajiye ya taimaka ya rubuto ta a nan.